Yeng Guiao: Kocin Ƙwallon Kwando da Ya Riƙe Mataimakin Gwamna a Filifin

Joseller Guiao, wanda 'yan Filifin suka fi sani da Yeng, mai horar da 'yan ƙwallon kwando ne kuma ɗan siyasa daga lardin Pampanga, a arewa da birnin Manila. An haife shi a 1959. Mahaifinsa, Bren Guiao, ya yi gwamnan lardin daga 1986 zuwa 1995, don haka siyasa gado ce a gidansu. Sunan da ya yi a faɗin ƙasa kuwa a bakin fili ya same shi.

A Filifin babu wasan da ya kama ƙafar ƙwallon kwando. Amurkawa ne suka kawo shi a zamanin mulkin mallakarsu, kuma babbar gasar ƙasar, PBA, wadda aka kafa a 1975, ita ce gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta farko a nahiyar Asiya. Ƙungiyoyinta sunayen kamfanoni da hajojinsu suke ɗauka, shi ya sa tarihin aikin Guiao yake kama da jerin kayan kanti. Ya shiga gasar a 1990, ya ci kofinsa na farko a 1992 da Swift, ƙungiyar wani kamfanin sarrafa nama. A kakar ce ɗan wasansa Ba'amurke, Tony Harris, ya zuba maki 105 a wasa guda, tarihin da har yau ba a karya ba a PBA. Ya ƙara kofi a 1993, sannan uku da Red Bull a 2001, 2002 da 2006, sai biyu da Rain or Shine, ta masu fenti, a 2012 da 2016. Bakwai ke nan.

Salonsa ba ɓoyayye ba ne: tsaron gida mai ƙarfi, gogayya jiki da jiki, da yawan sauya 'yan wasa ta yadda na benci ma zai samu rabonsa na mintuna. Ya shahara da ɗauko yaran da manyan ƙungiyoyi suka yi watsi da su ya mayar da su abin tsoro. Ya kuma shahara da zafin rai, domin alƙalan wasa sun sha korarsa daga fili, hukumar gasar ta sha cin tararsa.

A 2001 aka zaɓe shi ɗan majalisar lardin Pampanga, a 2004 ya zama mataimakin gwamna. A tsarin Filifin wannan kujera zaɓenta daban ne da na gwamna, kuma mai ita shi ke shugabantar majalisar lardi, wadda ke amincewa da kasafin kuɗi. Saboda haka mataimaki na iya zama ƙadangaren bakin tulu ga gwamnansa. Guiao ya yi aiki da gwamnoni uku, Mark Lapid, da Eddie Panlilio wanda limamin Katolika ne, da Lilia Pineda, har ya cika wa'adi uku na shekara uku-uku da tsarin mulki ya ƙayyade. Daga 2013 zuwa 2016 ya wakilci mazaɓar farko ta lardin a majalisar wakilai, sannan ya sha kaye a hannun Carmelo Lazatin. Duk tsawon shekarun nan bai ajiye aikin horarwa ba, abin da kusancin Pampanga da Manila ya sauƙaƙa masa.

Tawagar ƙasa ba ta yi masa daɗi kamar ƙungiyoyi ba. Ya jagorance ta a gasar Asiya ta 2009, aka sake kiransa a 2018 bayan damben da ya ɓarke tsakanin 'yan wasan Filifin da na Ostareliya ya jawo dakatar da da yawa daga cikinsu. Ya kai ta gasar cin kofin duniya ta 2019 a Sin, ta faɗi duka wasanninta biyar, ya yi murabus.

Inda sana'o'insa biyu suka haɗu suka yi amfani shi ne kotu. Dokar 1990 da ta kafa Hukumar Wasanni ta Filifin ta ware mata kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigar PAGCOR, hukumar gwamnati mai kula da gidajen caca, amma shekara da shekaru ana ba ta ƙasa da haka. A 2016, yana ɗan majalisa, Guiao ya kai ƙara Kotun Ƙoli. Shari'ar ta ɗauki shekara takwas. A 2024 kotun ta ba shi gaskiya, ta umarci PAGCOR da hukumar caca ta agaji, PCSO, su biya cikakken kason da doka ta tanada tare da bashin shekarun baya.