Yadda Aka Kafa Ƙungiyar Likitoci ta MSF

Tushen ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF a Nijeriya yake, ko da yake a birnin Paris aka kafa ta. Lokacin yaƙin Biyafara wasu matasan likitocin Faransa, ciki har da Bernard Kouchner, sun zo aiki ƙarƙashin Red Cross. Suka tarar da yara na mutuwa saboda yunwa, ciki ya kumbura, ƙafa kamar sillen kara, amma ƙa'idar aiki ta ce su ja bakinsu su yi shiru. Abin ya tsaya musu a rai. Da suka koma gida sai suka haɗa kai da 'yan jarida, suka kafa tasu a Disamban 1971, bisa sharaɗin a yi magani, a kuma faɗi abin da ido ya gani.

Girgizar ƙasar Nikaraguwa ta 1972 ce aikinta na farko. A 1999 ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya. Galibin kuɗinta daga aljihun jama'a yake fitowa, shi ya sa ba ta cika jin nauyin gwamnatoci ba. A 2010 ma'aikatanta ne suka bankaɗo gubar dalma da ke kashe yara a ƙauyukan Zamfara.