Ɓera, gafiya da kyankyaso: Yaƙin da ake yi kowane dare a gidajen Yamai

Da zarar an kashe fitila a gidaje da dama na birnin Yamai, sai wata hidimar ta tashi. A ji ƙwaras-ƙwaras a bayan buhun hatsi, a ji gudu cikin silin, can kuma marfin tukunya ya faɗi a madafa. Wanda ya fita zagayawa da fitilar wayarsa zai tarar da kyankyasai sun yi dafifi a bakin masai.

Da safe uwar gida ta share kashin ɓera, ta ɗinke buhun da aka huda, ta aiki yaro ya sayo magani wurin mai tebur. Kwana biyu a samu sauƙi, bayan mako biyu a koma gidan jiya.

Mutane da yawa sun ɗauki abin kamar zafin watan Afrilu, wato wahalar da aka saba da ita. Sai dai asarar da ke ciki ta wuce tiyar hatsin da ɓera ya ci. Akwai cuta, akwai kuma gubar da ake shigowa da ita ɗaki da sunan magani.

Abin da bincike ya gano

Yamai na cikin biranen Afirka ƙalilan da masana suka bi unguwa-unguwa suna nazarin ɓerayensu. Madougou Garba, masani ɗan Nijar, da Gauthier Dobigny na cibiyar bincike ta IRD ta ƙasar Faransa, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar Agrhymet, sun ɗana tarkuna a gidaje, kasuwanni da lambuna, suka kuma zanta da jama'a.

A rahoton da suka wallafa a 2014, sun ce sun yi hira 170 a unguwanni 18. A kashi 96.5 cikin ɗari na hirarrakin, mutane sun koka da ɓeraye. Kashi 63.1 sun ambaci ɓarnar abinci da kayan ajiya, kashi 47.3 ɓarnar gini, kashi 19.5 kayan ɗaki, kashi 16.8 kuma tufafi. Koken bai bambanta sosai daga wannan unguwa zuwa waccan ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masanan shi ne abin da ba a faɗa ba: a duk hirarrakin babu wanda ya ambaci cuta. A idon jama'a ɓera ɓarawo ne kawai.

Ba duk ɓera ne ɗaya ba

Wanda ya fi yawa a gidajen Yamai shi ne ɓeran gida na asali, kusun da masana ke kira Mastomys natalensis. Macensa na da nonuwa masu yawa, cikinta bai kai wata guda ba, kuma takan haifi ƴaƴa goma ko fiye a haihuwa ɗaya. Shi ya sa kashe biyar ko shida a mako ba ya rage komai idan abinci da mafaka suna nan.

Akwai kuma baƙi biyu. Baƙin ɓera, gwanin hawa rufi da katanga, an fi samunsa a kasuwanni, mayanka da manyan ɗakunan ajiyar kaya. Masana sun danganta yaɗuwarsa a kudu maso yammacin Nijar da hanyoyin fatauci, inda yake bin manyan motocin kaya da jiragen ruwa. Ƙaramin ɓeran gida irin na Turai da Asiya kuma an same shi a tsakiyar gari, wajejen Babbar Kasuwa. Ke nan buhu ko kwalin da ka sayo yana iya zuwa maka da baƙo.

A lambunan bakin kogin Kwara da na kwarin Gunti Yena, masu ɓarnar daban ne: ɓeran ciyawa mai fitowa da rana, da gafiya, wadda namijinta ake kira burgu. Gafiya ce ke haƙa rami a gindin katanga, ta cika kumatunta da gyaɗa ko masara ta kai ajiya. A gidan laka, raminta na iya zama hanyar da ruwan damina zai bi ya ci tushen bango.

Jaɓa kuwa, duk da warinta da tsinin bakinta, ba dangin ɓera ba ce. Ƙwari take ci, har da kyankyaso.

Cutar da ba a gani

A 2015 ayarin masanan nan ya wallafa wani sakamakon: sun gano ƙwayar cutar leptosipirosis a jikin ɓeran ciyawa da gafiya na lambunan da ake ban ruwa a Yamai. Kafin nan an fi alaƙanta cutar da ƙasashe masu yawan ruwan sama.

Ƙwayar na fita ta fitsarin dabbar, ta zauna cikin ruwa ko taɓo, ta shiga jikin mutum ta ƙujewa, ciwo, ido ko baki. Takan fara da zazzaɓi, ciwon kai da ciwon jiki, alamomin da kowa zai ɗauka maleriya ce. Idan ta yi tsanani tana taɓa ƙoda da hanta, idanu su yi ɗorawa. Tana jin magani idan an gano ta da wuri. Masu lambu, masu noman shinkafa, masu wanki a bakin kogi da yaran da ke wasa cikin ruwan ambaliya su ne a sahun gaba.

Ambaliya kuwa ba baƙuwa ba ce a Yamai. A 2020 kogin ya yi cikar da ta mamaye unguwanni irin su Lamorde, Karaje, Kirkisoye da Saga. Duk sa'ad da ruwa ya cika ramuka, ɓeraye kan yi ƙaura zuwa tudu, wato cikin ɗakunan mutane.

Sai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, yake kuma kashe mutane duk shekara a jihohin Najeriya irin su Ondo, Edo, Bauchi da Taraba. Ɓeran da ke ɗauke da shi jinsinsa ɗaya da wanda ya cika gidajen Yamai. Wannan ba ya nufin kowane ɓera na da cutar, amma da irin zirga-zirgar mutane da kaya tsakanin ƙasashen biyu, dalili ne na daina shanya abinci a ƙasa da barin tuwo a buɗe. Wanda ya dawo daga yankunan da cutar take, ya kamu da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya cikin mako uku, ya gaya wa likita inda ya fito.

Kyankyaso ma ba ƙyama kaɗai yake jawowa ba. Babban, mai ja-ja, masai da kwata ne gidansa, daga nan yake hawa kwanuka da ƙwayoyin cutar gudawa a ƙafafunsa. Ƙaramin, mai ruwan ƙasa, yana ɓuya ne a kabad, bayan firji da cikin kwalaye. Ƙunshin ƙwai ɗaya na macensa kan ɗauki ƴaƴa 30 zuwa 40. Kashinsu da ɓawon jikinsu na tayar da asma, musamman ga yara.

Idan magani ya fi cuta haɗari

A kasuwar Katako da teburan bakin titi ana samun maganin ɓera da na ƙwari iri-iri, wasu a ƙulle cikin leda ko tsohuwar robar ruwa, babu suna babu bayani. A ƙa'ida, kwamitin ƙasashen Sahel kan magungunan ƙwari, wanda ke ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, shi ke tantance abin da ya halatta a sayar, hukumar kare tsirrai ta ƙasa, DGPV, kuma ta sa ido. Amma da yawa daga abin da ke kasuwa bai bi ta wannan ƙofa ba.

Abubuwa uku ne suka fi haɗari. Na farko shinkafar ɓera, hatsin da aka cuɗa da guba mai kisa nan take. Yaro mai rarrafe ba ya bambanta ta da abinci, haka kaji da kyanwa. Ga shi kuma ɓera na da wayo: wanda ya ɗanɗana bai mutu ba, ba ya sake kusantarta.

Na biyu fiya-fiya da Sniper, masu sinadarin dikulobos. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna saboda yawan mace-macen da aka danganta da shi. Fesa shi a ɗaki, a rufe ƙofa, a kwanta ciki, ganganci ne da rai.

Na uku ƙwayar nan da ƴan kasuwa ke sakawa cikin buhunan wake don kashe ƙwari. Da ta sha danshi sai ta saki iskar guba. An yi ta ne don rumbun da babu kowa ciki. A ƙasashe da dama iyalai sun mutu cikin barci saboda an ajiye ta a ɗakin kwana ko ɗakin da ke manne da shi.

Idan wani ya sha ko ya shaƙi guba, a fitar da shi sarari, a cire tufafin da maganin ya taɓa, a garzaya asibiti tare da kwalbar ko ledar. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tilasta masa amai. Irin gubar da ke hana jini daskarewa ba ta nuna alama sai bayan kwanaki, don haka ganin yaro yana wasa ba hujjar zama gida ba ne.

Abin da ke aiki

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matakin farko shi ne raba shi da abinci. Hatsi da shinkafa su shiga duro ko tano mai marfi. Buhunan da suka rage a ɗora su kan katako, a janye su daga jikin bango. Don wake, akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, masanan INRAN na Maraɗi kuma suka yi aiki a kansa: yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da guba ba. Shi ma a ɗaga shi daga ƙasa, don haƙorin ɓera ba ya jin kunyar leda. Kwanukan dare a wanke su kafin a kwanta, dusar dabbobi da tsabar kaji a rufe su.

Mataki na biyu toshe hanya. Ƙaramin ɓera na wucewa ta ramin da fensir zai shiga. A duba ƙarƙashin ƙofa, inda bututun ruwa ya ratsa bango, da tsakanin kwano da katanga. Tsumma da leda ba sa tare shi. A cusa soson ƙarfe ko fasassun kwalabe, a bi da siminti. Ramin gafiya kuwa sai an kama mai shi kafin a toshe, in ba haka ba za ta ɓullo ta wani gefen. Tarin itace, tsofaffin tayoyi da bulon da aka jibge a tsakar gida su ne masaukinta.

Na uku tarko. A ɗana da yawa a dare ɗaya, a jikin bango inda ake ganin kashi, da tunkuza, ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Baƙin ɓera na tsoron sabon abu, don haka a bar tarkon da abinci kwana biyu ba a ɗana ba, sai ya saba. Mushe kada a taɓa shi da hannu: a sa leda, a binne da zurfi. Kashin ɓera kuma kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A jiƙa shi da ruwan jabel, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a jira minti biyar, a goge.

Kyankyaso ruwa ne ransa. A gyara famfon da ke ɗiga, a yi wa ramin masai marfi, a sa ragar waya a bakin bututun iska da magudanar wanka. Maganin da ake ɗigawa a lungu ya ci ya koma maɓoyarsa ya mutu ya fi feshi amfani, don feshi ba ya ratsa ƙunshin ƙwai. Hodar borik ma na aiki idan an barbaɗa ta sama-sama a inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Kyanwa tana taimakawa, amma ba ta toshe rami, kuma ba kowace ce ke tunkarar burgu ba.

Aikin unguwa ne

Ɓera bai san iyakar gida ba, bai kuma san babba ba. A 2017 fadar shugaban Najeriya ta sanar cewa ɓeraye sun lalata ofishin Muhammadu Buhari lokacin da yake jinya a Landan, har ya koma aiki daga gida. Birnin New York kuwa a 2023 ya naɗa jami'a ta musamman, Kathleen Corradi, don yaƙi da ɓeraye, kuma babban makamin da birnin ya ɗauka shi ne raba tituna da ledojin shara, a koma bokitai masu marfi.

Darasin ɗaya ne a Bukoki ko Talaje. A gidan haya mai ɗaki goma, in mutum ɗaya ya gyara nasa, tara suka bari, wahalar banza ya yi. In layi guda ya sa rana ɗaya, aka yashe kwata, aka kwashe juji, kowane gida ya ɗana tarko a dare ɗaya, sai a ga bambanci. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin saukar damina. Wannan aiki ne da fadar samarin unguwa za ta iya ja gaba tare da mai unguwa, sannan a matsa wa ofishin magajin gari ya riƙa ɗauke sharar da aka tara, don jujin da ya kwana wata guda gonar ɓera ce.

Ga ƴan uwa da ke Kwatano, Lome, Akara, Faransa ko Amurka masu aiko kuɗin buhun shinkafa duk wata, akwai tambayar da ta dace a yi wa mutanen gida a kiran waya na gaba: ina ake ajiye buhun? Duro mai marfi, buhun siminti ɗaya da ladan magini na yini guda, sau ɗaya ake biyansu. Rabon da ɓera ke ɗiba daga buhun da aka yi gumi aka aiko kuwa, kowane wata ne.