Ƙafa Mai Jan Ƙasa da Gwiwa Mai Komawa Baya: Gaskiya da Ƙarya Kan Takalmin Gyara

Akwai tafiyar da ake ganewa tun daga nesa. Mutum ya ɗaga gwiwa sama sosai, gaban ƙafar na reto, yatsu na sharar ƙasa, silifa na suɓucewa. Wani kuma da zarar ya taka sai gwiwarsa ta wuce miƙewa ta lanƙwasa baya. Sau da yawa matsalolin biyu kan haɗu a ƙafa ɗaya, musamman ga masu shan inna da waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki. Da an zo maganar takalmin gyara kuwa, sai shawarwari su yi yawa: ta majalisa daban, ta mai kemis daban, ta masu talla a Facebook daban. Ga shida daga cikin maganganun da suka fi yawo, da matsayin kowace.

"Ciwon gwiwa ne, a sayi safar gwiwa a kemis."

Ƙarya ne a mafi yawan lokuta. Safar roba tana ɗumama gwiwa, amma ba ta da ƙarfin tare nauyin mutum. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sau tari matsalar daga idon sawu take farawa. Bayan shanyewar ɓarin jiki, tsokar sha-raɓa kan ɗaure, agara ta gajarce, sai mutum ya riƙa fara takawa da yatsu maimakon dunduniya. Wannan yana tura ƙwauri baya, gwiwa ta bi shi. Shi ya sa gajeren takalmin roba mai kama tafin ƙafa da ƙwauri, wanda ma'aikatan asibiti ke kira AFO, kan iya gyara gwiwar ba tare da ya taɓa ta ba, idan an saita shi ya ɗan karkato da ƙwauri gaba. Mai shan inna kuwa lamarinsa daban ne: tsokar gaban cinyarsa ce ta yi rauni, yana tura gwiwar baya ne don kada ta durƙushe da shi. Irinsa yakan buƙaci dogon takalmi mai kaiwa cinya, mai makulli ko birki a gwiwa, wato KAFO.

"Takalmi takalmi ne, na ɗan maƙwabta ma ya isa."

Ƙarya ne. Akwai siririn AFO mai lanƙwasa, wanda aikinsa kawai ya ɗaga gaban ƙafa lokacin ɗaga sawu. Ya dace da wanda ƙafarsa ta saki amma gwiwarsa lafiya lau, sai dai ba zai hana gwiwa komawa baya ba. Akwai mai tauri wanda ba ya motsi, akwai mai gaɓa a idon sawu da ke barin ƙafa ta yi sama amma ya hana ta yin ƙasa. Akwai kuma takalmin ƙarfe da muka saba gani, mai sanduna biyu da maɗaurin fata, wanda har gobe yana da amfani ga mai kumburin ƙafa, ga shi da sauƙin gyara. Kafin a zaɓi ɗaya sai an auna ƙarfin kowace tsoka, an duba taurin gaɓoɓi, an kalli tafiyar mutum. Na roban ma akan naɗe ƙafar da filasta a ɗauki siffarta, sannan a gasa robar a kan wannan siffa. Wanda aka ƙera wa wani ba zai zauna a ƙafar wani daidai ba, kuma yaro yana girma ne ya bar takalminsa a baya. Araha dai ba ta ado.

"Idan ka saba da shi, ƙafar za ta ƙarasa mutuwa."

Akwai ƙamshin gaskiya, amma an juya ta. Tsokar da aka ɗaure aka daina motsa ta takan ƙara rauni, shi ya sa ba a raba takalmi da gashi da atisayen da likitan gashin ƙashi zai tsara. Sai dai barin ƙafar haka nan ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Agara za ta ƙara gajarcewa har ƙafar ta sandare a karkace. Gwiwar da ake bugawa baya a kowane taku kuwa, jijiyoyin bayanta za su yi ta saki shekara da shekaru, ciwo ya biyo baya. Ga kuma tuntuɓe da faɗuwa, waɗanda kan kai dattijo ga karayar ƙugu.

"Takalmin zai warkar da ƙafar."

Ƙarya ne. Takalmi mataimaki ne, warkewa kuwa ta dogara ga sanadi. Jijiyar da ta samu matsi kawai tana iya farfaɗowa cikin makonni ko watanni. Wadda ta lalace sosai takan tsiro a hankali, kimanin milimita 1 a rana, wato wajen inci 1 a wata. Raunin shan inna da ya daɗe ba ya warkewa, amma da takalmin da ya dace yaron da ke rarrafe yana iya miƙewa ya tafi makaranta da ƙafarsa. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a watan Agusta na 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, kuma buƙatarsu ba ta ƙare ba.

"Allura ko ɗori na iya sa ƙafa ta saki."

Wannan gaskiya ne. Babbar jijiyar ƙafa ta ratsa ta ɗuwawu, kuma allurar da aka soka ba a muhallinta ba tana iya raunata ta, musamman ga yaro ramamme. Akwai kuma reshenta da ya zagaya ta gefen gwiwa na waje, dab da fata. Karan ɗori ko filastar da aka matse a nan, ko doguwar tsugunno, ko daɗewa da harɗe ƙafa, duk suna iya danne shi. Darasin a nan ba gudun asibiti ba ne: a bar wa ƙwararre allura, kuma idan yatsu suka daina motsi bayan ɗori, a garzaya asibiti a ranar. Ciwon suga, kuturta da matsalar ƙashin baya su ma suna cikin sanadi.

"In yana ciwo a daure, zai saba."

Ƙarya ce mai haɗari. Sabon takalmi ana fara shi da awa 1 ko 2 a rana, a riƙa ƙarawa. A sa doguwar safar auduga a ƙarƙashinsa, a cire a duba dunduniya da ƙashin idon sawu da inda maɗauri ya kwanta. Shatin da bai ɓace ba bayan minti 20 zuwa 30 alama ce ta a koma a gyara. Mai ciwon suga ko kuturta ya fi kowa buƙatar wannan dubawa, domin gyambo na iya fara masa bai ji ba. Sannan AFO ba ya aiki da silifa, sai da sawu-ciki mai igiya. Tsayin dunduniyar takalmin ma yana canza tsayuwar gwiwa, don haka a je gwaji da wanda za a riƙa sawa kullum.

Mai neman takalmin gyara ya fara da likita a gano sanadi, sannan a tura shi sashen ƙera takalma da ƙafafun roba, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ya tambayi mai ƙerawa: wace tsoka ce ta yi rauni, me ya sa aka zaɓi wannan samfuri, yaushe za a dawo dubawa? Amma idan ƙafa ta saki farat ɗaya tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, ko tare da ciwon baya da kasa riƙe fitsari, wannan ba maganar takalmi ba ce tukuna. A kai shi sashen gaggawa nan take.