Ko Kun Sani?

Dumbo, ɗan giwar nan mai faka-fakan kunnuwa da ke tashi sama a dandalin wasan dabbobi, ya fito ne daga labarin yara na Helen Aberson da Harold Pearl. Kamfanin Disney ya mai da shi fim a 1941.

A fim ɗin, uwarsa ta raɗa masa sunan Jumbo, wani toron giwa na gaske da aka kamo yana ƙarami a Sudan. Wannan toron giwa ya shekara 17 a gidan zu na Landan yana ɗaukar yara a bayansa. Da aka sayar da shi ga wani Ba'amurke mai suna Barnum a 1882, yaran Ingila har wa Sarauniya Victoria suka rubuta takardun koke.

Abin tausayi, jirgin ƙasa ya banke Jumbo a Kanada a 1885.