Doki 325 da Doki 110: Wace Mota Ce Mai Ƙarfi?

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, musun mota bai ƙare ba a majalisun 'yan Arewa mazauna kurmi. Kwanan baya a Gariki ta Inugu na tarar da matasa sun yi cincirindo a kan waya, suna kallon wata Dodge Charger 'yar Beljiyam da aka sa a kasuwa a Fatakwal. Ɗayansu ya rantse cewa ta fi roka ƙarfi. Wani tsohon direba, hannunsa duk baƙin mai, ya ce masa, "Yaro, ɗora mata buhu hamsin na albasa mu gani."

Tsohon ya fi shi gaskiya.

Irin waɗannan motoci na Amurka sun samo asali ne a 1964, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa suka ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas suka cusa shi a matsakaicin jiki, suka kira ta Pontiac GTO. Ƙarfinta doki 325. A shekarar ne Ford ya fito da Mustang, Charger ta biyo baya a 1966. A lokacin, galan ɗin fetur bai wuce kimanin santi 30 ba, matasa na da kuɗi, hanya kuma shimfiɗaɗɗiya.

To, ita rokar fa? Mercedes 911 sunanta ma ya faɗi komai: tan 9, doki 110. Wato GTO ta ninka ta kusan sau uku. A nan ne mutane ke ruɗewa, suna ɗauka yawan doki shi ne jan kaya. Dokin sukuwa ya fi san huɗa gudu nesa ba kusa ba, amma ɗaura masa garma ka ga inda zai kai. Yaro mai tsere zai bar ɗan dako a baya, sai dai ba shi zai sauke buhun masara a kasuwar Ose ta Anacha ba. Injin roka na gas ne, yana juyi a hankali, giyarta kuma an tsara ta ne ta mayar da wannan juyi ya zama ja, kamar yadda kwarkwaro ke sa mutum ɗaya ya jawo cikakken guga daga rijiya mai zurfi. Ga kauri na shasi, ga sifirin da ke ɗaukar nauyi. Ita kuwa GTO an yi ta ne don ta fizga daga tsaye, ta bar hayaƙin taya.

Takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a Oktoban 1973, da tsadar inshora da dokokin hayaƙi, su suka karya kasuwarta. Tashin farashin man da takunkumin ya jawo shi ya cika aljihun Najeriya, har aka buɗe kamfanin Fijo a Kaduna a 1975, sannan ANAMMCO a Emene, nan Inugu, a 1980, inda aka riƙa haɗa manyan motocin Mercedes. Roka mai bodin katako ita ta yi shekaru tana sauko da shanu da wake da tumatir, ta koma da manja da garin kwaki. Gidaje nawa aka gina a Arewa da guminta!

Abin da ke damuna shi ne, Amurkawa sun rufe Pontiac tun 2010, amma har gobe suna goge GTO, suna baje kolinta, suna sa Charger a fina-finai. Mu kuwa tamu tana tsufa sai a kira 'yan gwangwan su yanka ta a auna a sikeli, hukumomi na kallo.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin direbobi da sarakunan Hausawa na Inugu, Anacha da Fatakwal su nemi roka ko da guda ɗaya mai sauran lafiya, a gyara ta da rubutun jikinta, a ajiye wa jikoki su gani.