Fim ɗin batsa: an shirya shi don kyamara

Da yawa cikin fina-finan batsa da ke yawo a wayoyin matasa sana'a ce ta haife su. Shekara da shekaru cibiyar wannan sana'a tana kwarin San Fernando da ke Los Angeles a Amurka, inda ake da darakta, da mai riƙe kyamara, da mai haska fitila, kamar kowane fim.

Abin da mai kallo bai cika lura da shi ba shi ne, duk tsayuwa da juyin da 'yan wasan ke yi, kyamara ce ke zaɓar su. Ana sa su tsaye suna fuskantar juna, ko a karkace, domin haske ya faɗa inda ake so, mai ɗauka kuma ya samu hanya. Jin daɗin mutanen biyu ba ya cikin lissafi. Ana tsayar da ɗauka a huta, a sake, sannan mai tacewa ya yanke gajiya da ciwo da duk abin da bai yi kyau ba, ya haɗa aikin sa'o'i ya zama mintuna kaɗan. Da yawa cikin mazan kuma magungunan ƙarfi irin su Viagra suke sha kafin a fara.

Matsalar tana wajen wanda ya ɗauki wannan a matsayin darasi. Rahoton Kwamishinar Yara ta Ingila, Rachel de Souza, na shekarar 2023 ya nuna cewa a matsakaici yaro yana fara cin karo da batsa yana ɗan shekara 13. Yaron da idonsa ya fara buɗewa a nan zai girma yana auna jikinsa da na ɗan wasa, ranar da ya yi aure kuma ya ɗora wa matarsa abin da ko masu yin sa sai da hutu da magani suka iya. Wannan ne ya fi damuna, domin ita ce za ta sha wahalar, kunya kuma ta hana ta faɗa.

Gwamnatoci sun fara motsi. Daga watan Yulin 2025 dokar Birtaniya ta tilasta wa shafukan batsa tantance shekarun mai shiga, ƙarƙashin sa idon hukumar Ofcom. Sai dai bidiyon da ake turawa ta WhatsApp da Telegram ba ya tambayar kowa shekarunsa.