Yadda Ƙwaƙwalwar Jariri Take Ginuwa

 Ƙwaƙwalwar jariri takan fara ginuwa tun uwa ba ta san tana da ciki ba.

Kowannenmu ya gāji ƙwayoyin gado wajen 20,000 daga iyayensa. Su ne umarnin gina jiki, amma ba duka suke aiki lokaci ɗaya ba. Kamar ƙungiyar mawaƙa ne: waɗansu su ɗauka, waɗansu su jira lokacinsu. A shekarar 2011, masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa a ƙwaƙwalwa, wannan sauyawa ta fi yawa kafin haihuwa.

Wajen kwana 28 da shigar ciki, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yakan rufe. Ƙarancin folik asid yana iya hana shi rufewa, a haifi yaro da buɗaɗɗen baya.

Saboda haka, 'yar'uwa, ki fara shan ƙwayar folik asid kullum tun kafin cikin ya shiga. Ki yi girki da gishiri mai aidin, ki bar burukutu da giya. Kai kuma maigida, ka raka ta awo da wuri.

Ku huta lafiya.